Gangaren Shafer a Motar Haya

Motar da muka ɗauko haya a filin jirgin Salt Lake City lafiyarta ƙalau, sai dai takardar da muka sa wa hannu ta haramta mata sauka daga kwalta. Haka yawancin kamfanonin hayar mota na filin jirgi suke a Amurka. Ko da motar ta yi ƙirar jif, in ka bi da ita hanyar burji wani abu ya same ta, inshora za ta zare hannunta ta bar ka da aljihunka. Shi ya sa da muka iso Moab ni da ƙanena, bayan tafiyar kimanin awa huɗu, sai muka ajiye ta a masauki muka shiga neman wata da za mu sauka gangaren Shafer da ita, wata hanyar burji da ke gangarowa daga saman tudu a gandun ƙasa na Canyonlands.

Neman bai yi wuya ba. Moab ƙaramin gari ne a jihar Yuta, a gefen Kogin Kolorado, mutanensa ba su wuce 5,000 da 'yan kai ba, amma kusan duk inda ka waiga a babban titinsa shagon hayar jif ne, ko na keke, ko na kwale-kwale. Tun 1967 garin yake karɓar taron masu jif duk shekara a lokacin Ista. Jar ƙura ta zama tufafin kowace mota.

Matar da muka tarar a shagon ba ta fara da maganar kuɗi ba. Ina za ku? Wa zai tuƙa, shekarunsa nawa? Kun taɓa sa giyar ƙarfi? Ta shimfiɗa taswira ta nuna mana hanyoyin da aka yarda motarsu ta bi da waɗanda ba a yarda ba, sannan ta bi yarjejeniyar layi-layi da bakin biro. Taya in ta fashe, namu ne. Gilashi namu ne. Duk abin da dutse ya daka a ƙarƙashin mota namu ne. In kuwa ta mutu mana a can ciki, hukumar gandun da kanta tana gargaɗin cewa kuɗin janyo mota na iya haura dala 1,000. Ƙanena tun daga ƙofa idonsa yake kan ƙananan motocin nan marasa gilashi masu ƙarar tsiya, waɗanda matasa ke tsere da su a kan duwatsu. Matar ta ce ya cire rai, domin ba a barin irinsu shiga gandun Canyonlands, sai mota mai lambar hawa titi, ko babur mai lamba, ko keke. Muka ɗauki Jeep Wrangler mai ƙofa huɗu.

Kafin ta miƙa makulli ta zagaya motar da mu, muka ɗauki hoton kowane ƙwarzane. Ta nuna mana jak da safayar taya, ta nuna yadda ake tsayawa a mayar da giya fili kafin a ja ƙaramin sandan da ke sa tayoyi huɗun su ja tare da ƙaramar giya. Ta kuma rage wa tayoyin iska. Dalilinta shi ne taya mai laushi ta fi shimfiɗuwa a ƙasa, ta fi kama dutse da yashi, kuma ba ta jijjiga mutum har haƙoransa su haɗu. Ruwa kuwa ta ce galan ɗaya ga kowane mutum a yini, wato kusan lita huɗu, mu kuma ƙara na ko-ta-kwana, don babu famfo ko ɗaya a inda za mu, babu gidan mai, waya ma ba ta samun sabis.

Da sassafe muka bi hanya mai lamba 191 arewa, muka karya hagu muka hau 313, kwalta sumul tana ta hawa da mu har saman tudun da ake kira Island in the Sky. Shi ne ɓangaren Canyonlands da ya fi sauƙin zuwa, gandun da aka kafa a 1964. Tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai, Kogin Kolorado ya yanke shi ta gabas, Kogin Green ta yamma, su biyun suka haɗu can kudu da shi. Muna da takardar izinin yini ta shiga White Rim, hanyar burjin da ke zagaye tudun ta ƙasa, inda gangaren Shafer yake kai mutum. Takardar dole sai da ita, kuma ƙayyadaddu ake bayarwa kowace rana.

Akwai wurin da ake tsayawa a leƙa gangaren Shafer daga sama. Ban san ko shawara ce mai kyau mutum ya leƙa kafin ya sauka ba. Hanyar tana manne a jikin jan bango, ta tafi dama ta karyo hagu, ta sake komawa, kamar igiyar guga da aka saki ta zube a gindin rijiya. Daga inda muke zuwa ƙasa kimanin ƙafa 1,500 ne. Wata farar mota da ke can tsakiya sai da na ƙura ido kafin na gane tafiya take yi.

"Yaya, ko kai za ka tuƙa?" in ji ƙanena, wanda ya kwana yana cika baki.

Na ce a'a, shi ya sa hannu a matsayin direba, ni aikina duba gefe.

Farkon hanyar yaudara ce. Tana bin leɓen tudun a miƙe, har mutum ya fara sakin jiki, sai ga kwanar farko. Babu shinge, babu ƙarfen kariya, babu ko jerin duwatsu. Ta tagar da nake ina ganin gefen tayarmu, sai tazarar da ba ta fi taku biyu ba, sai sarari. A nan na ga amfanin ƙaramar giya. Motar da kanta take riƙe kanta, injin yana gurnani, tana sauka a hankali ba tare da an danne birki ba. Wanda ya dogara da birki kaɗai a irin wannan gangare zai dafa shi, kuma birkin da ya yi zafi ba ya kamawa. Ƙanena ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya yi tsit, gumi yana bin bayan kunnensa duk da sanyin safiya. Ƙa'idar gudu a hanyoyin burjin gandun mil 15 ce a awa. Mu ko rabinta ba mu yi.

A kwana ta uku ko ta huɗu muka yi kiciɓis da wata mota tana hawowa. Doka a nan ita ce mai hawa ke da hanya, don shi in ya tsaya tashi zai yi masa wuya. Muka lallaɓa muka raɓe a wani ɗan faɗi jikin bango, madubinmu yana kusan gogar dutse. Dattijon da ke ciki ya ɗaga mana yatsu biyu. Na ɗauka gaisuwa ce har na ɗaga masa hannu, sai ƙanena ya ce a'a, nufinsa akwai motoci biyu a bayansa. Muka jira su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan hanya ba don 'yan yawon buɗe ido aka yi ta ba. Da farko turba ce ta ƙafa da 'yan asalin yankin suka bi, daga baya makiyaya suka riƙa kora dabbobi ta nan, kuma daga iyalin Shafer, makiyayan shanu, ta samo sunanta. Sai a 1952 wani masanin duwatsu mai suna Charlie Steen ya tono yuraniyom, ma'adinin da ake yin makaman nukiliya da shi, kudu maso gabas da Moab, gari ya rikice da masu neman arziki. Gwamnatin Amurka tana tsakiyar tseren makaman nukiliya, tana sayen duk abin da aka haƙo. A shekarun 1950 ɗin nan aka faɗaɗa Shafer don manyan motoci, aka kuma yanka hanyar White Rim mai tsawon mil 100, kimanin kilomita 160. Ma'adinan wannan ɓangaren ba su ba da abin kirki ba, aka watse aka bar hanyar. Ni da na sauko ta a jif ta zamani ina salati, na kasa daina tunanin direban da ya hau ta da lodin dutse.

A ƙasa duniyar ta canza. Bangayen da muke leƙowa daga kansu yanzu su ne suka yi mana rumfa, hanya ta miƙe a kan wani farin dutsen yashi mai faɗi wanda ya zagaye tudun, shi ne ma ya ba ta suna White Rim, wato farin leɓe. Ba tsoro a nan, sai jijjiga. Dutse, rami, yashi, dutse. Muka tsaya a Gooseneck, inda Kolorado ya yi wata irin lanƙwasa har ya kusa cizon wutsiyarsa, ruwan ya yi launin ƙasa, gefensa kaɗai ke da kore. Muka wuce zuwa Musselman Arch, wata siririyar gada ta dutse da iska da ruwa suka sassaƙa, ƙarƙashinta rami mai zurfi. An hana takawa a kanta, kuma ban ji ina sha'awa ba.

A nan ne ƙanena ya so ya juya motar ta kan wani fili da ke gefen hanya, sai wata mata cikin ayarin masu keke ta ɗaga masa hannu da sauri. Ta kira mu ta nuna mana ƙasar. Na durƙusa na duba. Abin da na ɗauka busasshiyar laka ce ashe wani baƙin ɓawo ne mai ƙuraje-ƙuraje, tsayinsa bai kai gaɓar yatsa ba, kuma rayayye ne. Ƙananan halittu ne da gansakuka suke saƙa zare a cikin yashi, su ɗaure shi kada iska ta kwashe, su riƙe ruwan sama, su ba tsirrai abinci. Sawun taya ɗaya yana murƙushe abin da zai ɗauki shekaru gommai kafin ya dawo. Ka biya kuɗi ka hayo motar da aka ƙera don ta taka duk inda ta ga dama, sannan ka yini kana hana ta. Ni dai ban ga laifin dokar ba, don a wasu wurare kusa da gari mun ga filayen da aka mayar da su fako, ba ciyawa ba komai sai sawu a kan sawu. Ƙanena ya yi ta baya-baya har ya sami dutse tsantsa ya juya a kai.

Wajen azahar gajimare ya fara haɗuwa ta yamma. A wannan ƙasa ba sai ruwa ya sauka a kanka ba. Yana iya zuba a nisan da ba ka ko jin tsawarsa, ya taru a kan dutsen da ba ya shan ruwa, ya biyo busasshen kwari da itace da duwatsu ba sallama. Gangaren Shafer kuma in ya jiƙe santsi yake yi, har rufe shi ake yi. Ba mu yi gardama ba. Muka koma mararraba muka ɗauki hanyar Potash, wadda ke fita ta ƙasa ba sai an sake hawa ba.

Ita ce ta fi gajiyar da mu. Tana ratsa busassun rafuka, tana bi ta ƙarƙashin tsaunin Dead Horse Point, sai kwatsam ga wasu tafkuna shuɗaye shar a tsakiyar jar ƙasa, shuɗin da ido ya san ba na Allah-da-annabi ba ne. Na kamfanin haƙar fotash ne, gishirin da ake yin takin zamani da shi. A da mutane ke shiga ramin, har wata fashewa ta kashe ma'aikata 18 a 1963. Yanzu ruwan kogi ake turawa ƙarƙashin ƙasa ya narkar da gishirin, a zuƙo shi a zuba a tafkunan, a sa masa shuɗin rini don ya fi shan zafin rana ya ƙafe da wuri.

Da muka hau kwaltar hanya ta 279 sai motar ta riƙa yin wani lumshi-lumshi a kwana saboda ƙarancin iskar taya, dole muka ci gaba da tafiya a hankali. Hakan ya sa muka lura da zanen mutanen da a jikin bangon da ke gefen titi, siffofin mutane da na tumakin dawa masu manyan ƙahoni, masu hawan dutse kuma suna ta lilo da igiyoyinsu ba nisa da wurin. A gidan man farko na Moab muka cika tayoyin muka cika tanki. Ƙanena yana riƙe da tiyon iska ya ce shi fa sai ya dawo ya zagaye mil 100 ɗin nan gaba ɗaya, tafiyar kwana biyu zuwa uku a mota. Na ce to ya fara neman izinin wurin kwana tun yanzu, don watanni kafin lokaci ake kama su, ya kuma nemi wanda zai zauna masa a kujerar gefen rami.