Laraba: ƙararrawar suwaf

Yau ƙararrawar sabobin (kwamfutocin da ke wa sauran hidima) wani ofis a titin Zoo aka sake wa ma'auni. Tun da aka kafa su, da zarar suwaf, wato wurin da aka ware a faifai don ajiye abin da aka fitar daga ram (ma'adanar aiki ta kwamfuta), ya cika rabi sai saƙo ya faɗo a wayar wanda ke kan aiki, ko da ƙarfe biyun dare ne. Ni dai ban ga amfanin wannan ma'auni ba. Linux yakan kwashe shafukan ram, wato gutsattsarin bayanai, da aka daɗe ba a taɓa ba ya jibge su a suwaf, su yi wata ba a neme su ba. Hatsi a rumbu ba ya hana barci, yawan shige da fice ne abin dubawa.

Sai aka koma kan vmstat 5, umarnin da ke fitar da rahoto kowace daƙiƙa 5, wajen si (abin da ake ɗaukowa daga suwaf) da so (abin da ake turawa suwaf). Layin farko a tsallake shi, matsakaici ne tun daga kunna injin. In so kaɗai ya motsa, wuri ake sharewa a ram. In si da so suka tashi tare suka ƙi sauka, ram ya gaza, ana fitar da shafi ana sake ɗauko shi.

Adadin iyaka kuwa ba a aronsa. Shafi ɗaya kilobayit 4 ne. Faifai mai juyi 7200 a minti, in karatun a warwatse yake, abin da yake iyawa a daƙiƙa bai wuce ɗari da ɗoriya ba, alhali SSD, faifai marar juyi, na yin dubbai. Shi ya sa majflt (neman shafin da sai an karanto shi daga faifai) 100 a daƙiƙa ke durƙusar da tsohuwar sabar, sabuwar kuwa ko a jikinta. Aka ɗauko bayanan sar -B, umarnin da ke nuna tarihin majflt, har da na ƙarshen wata lokacin haɗa albashi, aka sa wa kowace sabar gargaɗi a ninki uku na abin da ta saba a lokacin cunkoso, kuma sai ya ɗore minti 10. Ba a taɓa fault/s, jimillar neman shafi a daƙiƙa, ba, yawancinsa ba ya kaiwa faifai.

Tashin mutum da dare an bar wa /proc/pressure/memory, fayil ɗin da ke auna matsin ram, wanda ya zo da Linux 4.20 a 2018: in avg60 (matsakaicin daƙiƙa 60) na layin full ya haura kashi 5 cikin ɗari na lokacin. Ma'anar full ita ce duk ayyukan da ke gudana sun tsaya cik suna jiran ram.

Da la'asar aka ɗauke wuta, batiri ya mutu kafin janareta ya tashi. Sabar na dawowa majflt ya yi sama, domin komai daga faifai ake karantowa. Aka sa ƙararrawa ta yi shiru minti 15 bayan kowace kunnawa. Batirin kuma sai gobe, in Allah ya kai mu.