Inda na kai a kallon tsuntsu: bakin kurmin Ngel Nyaki

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Wasunku sun tambaye ni yadda na ƙare da tsaunin Mambila, to ga abin da ke cikin littafin aljihuna.

Ga wanda bai san wurin ba, Ngel Nyaki kurmi ne a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Daga Jalingo ake bi ta Bali da Serti, a Mayo Selbe mota ta fara hawan dutse, ta wuce Maisamari, a sauka a ƙauyen Yelwa tun kafin a kai Nguroje da Gembu. Daga Yelwa sai ƙafa. An keɓe dajin tun 1969, faɗinsa murabba'in kilomita 46, amma kurmin kansa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran duk ciyawa ce da kwari. Bisansa tsakanin mita 1,400 ne da 1,600 daga gaɓar teku, don haka wanda ya taso daga zafin Kano ko Sakkwato ya riƙo rigar sanyi ko da a watan Afrilu ne. Akwai tashar bincike a bakin kurmin, wadda Hazel Chapman ta jami'ar Canterbury a New Zealand ta kafa, kuma ma'aikatanta 'yan yankin sun san kukan tsuntsayen nan fiye da duk littafin da na riƙe.

Babban abin da na ƙaru da shi a wannan karon shi ne, yawon dutse da kallon tsuntsu ba sa jituwa a lokaci guda. Mai hawa so yake ya ci nisa kafin rana ta yi, mai kallo kuwa so yake ya tsaya. Ga gangaren kurmin da tsayi, ga santsi, idonka na kan inda za ka sa ƙafa, numfashinka ya cika maka kunne. Duk abin da ke motsi a saman itace ya riga ya ji ka, ya yi gaba. Yanzu na raba yinin biyu. Daga asuba zuwa hantsi zama nake yi, tafiya sai rana ta ɗaga tsuntsaye sun yi shiru.

Wurin zaman ma na canja shi. Tsakiyar kurmi duhu ne, itatuwan dogaye, sai dai ka ji kuka ka yi ta ɗaga kai har wuya ya ƙage. Inda na fi samu shi ne cikin kwari, wajen da rafi ya fito daga kurmi ya bazu ya zama fadama mai lumtsi, itatuwan malmo sun jeru a bakinsa. A nan tsuntsun kurmi da na ciyawa da na ruwa ke haɗuwa, kuma rana in ta fito nan take fara ɗumamawa, ƙwari su tashi, masu cinsu su biyo. Mai rakiyata ya nuna mini wani kututture, ya ce, "Malam, zauna nan, kada ka nuna da hannu." Raɓa ta jiƙe ni har gwiwa. Hazo bai gama yayewa ba sai ga wani marai ya sauko reshen ƙasa, bai fi taku goma daga inda nake ba. Cikinsa rawaya, bayansa kore-kore, fuskarsa baƙa har haɓa kamar wanda ya yi amawali, ƙwayar idonsa fara-fara. Marai ɗin Bannerman ke nan, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai tsaunukan Kamaru da namu, wato Mambila da Obudu. Akwai ɗan uwansa mai kama da shi a wurin, amma shi baƙin nasa siririn layi ne kawai da ya ratsa ido. Wannan bambancin na zana a littafi kafin in buɗe littafin hotuna, kuma ina ba ku shawarar ku riƙa yin haka. In ka fara duba hoto, zuciyarka za ta gaya maka abin da kake so ka gani ne ka gani.

Kunne shi ne aikin da har yanzu nake kai. Akwai wani dangin suda a bakin kurmin, bayansa baƙi wuluk, ƙirjinsa rawaya shar, namiji ya yi fito mace ta amsa nan take, har ka ɗauka tsuntsu ɗaya ne. Shi kam na riƙe shi. Na riƙe kuma kukan dangin kulkulu, kore mai tukku, wanda in ya buɗe fuffuke ja ke bayyana. Ƙanana masu launin toka-toka da ke cikin ciyawar fadama su ne suka gagare ni, don a ido kusan duk ɗaya suke, kuka ne ke raba su. Nakan naɗi muryarsu a waya, in faɗi lokaci da wuri a ƙarshen naɗin, da dare in saurara. Kunna kuka a waya don a jawo tsuntsu kuwa ba na goyon bayansa, musamman lokacin sheƙa. Tsuntsun zai bar ƙwai ya fito faɗa da abokin gabar da babu shi, kai kuma abin da ka samu bai wuce hoto ba.

Batun kaya a gurguje. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya isa, wanda ya fi haka ƙarfi rawa yake a hannu, kuma a inuwa duhu yake yi. Takalmin roba mai dogon wuya ya fi na yawo a fadama. Ku cusa ƙafar wando cikin safa saboda kwarkwasa da kaska, don shanu na shan ruwa a kwarin. Shanun nan da gobarar ciyawa ta rani su ne ke cinye bakin kurmin kaɗan-kaɗan. Inda kofato ya dame bakin rafi, ƙananan itatuwa ba sa tashi, kuma jerin tsuntsayena a irin wurin ya fi gajarta ƙwarai.

Jerin nawa ba a littafi kaɗai yake tsayawa ba. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, mai kallo ya yi aƙalla awa 2 a ciki, ya shigar da abin da ya gani ta manhajar BirdLasser. Doka ɗaya na ɗora wa kaina: wanda ban tabbatar ba, ba na shigar da shi, ko da mai rakiya ya kira sunansa.

Komawa ta gaba in Allah ya yarda sai ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba, lokacin da baƙin tsuntsaye daga Turai suka iso. Kafin nan zan ci gaba da horar da kunne a fadamar bayan garinmu. Wanda yake da naɗin kukan ƙananan tsuntsayen ciyawa na Mambila ko Obudu, don Allah ya taimaka mini da shi in gwada da nawa.