Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Allon da ke Bakin Laburare

Masu bibiyar wannan tarihi, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya na tsaya ne inda aka ɗauke ni cikin ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarmu ina aji uku na sakandare. Yau zan ba ku labarin aikin da muka riƙa yi a wannan ƙungiya, domin ta cikinsa ne na fara sanin makarantar da na daɗe ina kwana a cikinta.

Kamar yadda na faɗa a baya, makarantar kuɗi ce ta kwana, ta maza zalla. Ƙararrawa ce ke juya mu. Ita ke tashinmu tun gari bai waye ba, a yi shara, a yi wanka, a gyara gado kafin shugaban ɗaki ya zagayo. Ita ke kai mu taron safe, ita ke raba darasi da darasi duk bayan minti 40, ita ke sallamarmu filin wasa da yamma, ta kuma zaunar da mu karatun dare har a kashe fitila. Idan ka tambayi yaro abin da ya faru yau, sai ya ce maka ba komai, don a ganinsa jiya da yau duk ɗaya ne.

Malaminmu na harshe, wanda ke kula da ƙungiyar, ba ya yarda da wannan amsa. Akwai wani allo mai murfin gilashi a bakin laburare, shi ne jaridarmu. Kullum kafin taron safe sai an liƙa sabuwar takarda a kai, rubutun hannu, shafi ɗaya, sannan ɗaya daga cikinmu ya karanta kanun labaran a gaban makaranta duka. Ranar da na fara fita neman labari na dawo hannu biyu, na ce, "Malam, yau babu abin da ya faru." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka je ɗakin shan magani? Ka tambayi mai gadi? Ka leƙa wajen masu wanki? Yara ɗaruruwa sun kwana sun tashi a gida ɗaya, ka ce ba abin da ya faru?"

Ya koya mana tambayoyi shida da ba ya karɓar labari sai an amsa su: wane ne, me ya faru, a ina, yaushe, me ya jawo, ta yaya. Ya ce a sa mafi muhimmanci a layin farko, saura su biyo baya gwargwadon nauyinsu, ta yadda in takarda ta ƙare aka yanke ƙasa, labarin bai mutu ba. Sai ƙa'idarsa da ta fi ba mu wahala: ba a liƙa abin da mutum ɗaya kaɗai ya faɗa. Ko dai ka gani da idonka, ko ka samu mutum na biyu da bai ji daga bakin na farko ba. A makarantar kwana, inda jita-jita ke zagaye ɗakuna kafin a kashe fitila, wannan ƙa'ida ta kashe mana labarai masu daɗi da yawa. "Gani ya kori ji," haka yake cewa yana miƙo maka takardarka.

Abubuwan da muke liƙawa ƙanana ne. Sakamakon wasan ƙwallo tsakanin gidaje, wanda ya ɓatar da littafin lissafi da inda za a same shi, sababbin littattafan da suka iso laburare, canjin jadawali, waɗanda aka sallamo daga ɗakin shan magani. Amma a hankali na lura da wani abu. Sunayen da ake kira a taron safe ba su wuce kashi biyu ba: masu zuwa na ɗaya a aji ko cin ƙwallo, da masu laifi da za a hukunta. Duk wanda ke tsakiya, kuma su ne mafi yawa, yana iya shekara shida a makarantar ba a taɓa ambatar sunansa a bainar jama'a ba.

Akwai wani yaro ɗan aji huɗu, marar yawan magana, da ba ya cikin kowane kashi. Wani dare na wuce ta bayan azuzuwa bayan an tashi karatun dare, na tarar da shi a gaban allo da 'yan aji ɗaya kusan cike da benci biyu, yana koya musu rarraba lamba. Na tambayi yaran, suka ce ai tun farkon zango yake yi musu haka, ba wanda ya sa shi. Na sake tambayar monitan ajinsu daban, ya tabbatar. Na rubuta layi biyar. Da safe da aka karanta, tafin da aka yi masa ya fi wanda ake yi wa masu cin kofi tsawo, shi kuwa ya sunkuyar da kai har aka gama. Ba zan ce labarin ya sauya rayuwarsa ba, amma daga wannan mako malamin lissafi ya fara bar masa alli da makullin aji, kuma wasu manyan ɗalibai biyu suka shiga taya shi. Har yau in na ji ana cewa ƙaramin labari ba shi da amfani, shi nake tunawa.

A kusurwar takardar kullum akwai akwatin yanayi, aikin haɗin gwiwa da malamin labarin ƙasa. A bayan ɗakin gwaje-gwaje muna da ma'aunin ruwan sama, wato mazurari a kan kwalba, an kafa shi a fili nesa da gini da bishiya don kada su tare masa ruwa. Kusa da shi akwai farin akwatin katako mai tsaga-tsagai, a ɗage daga ƙasa, da ma'aunin zafi a ciki. Malam ya bayyana mana dalili: zafin iska ake aunawa, ba zafin hasken rana ba, shi ya sa aka yi akwatin fari don ya mayar da haske, aka kuma bar masa ƙofofin iska. Lokaci ɗaya ake karantawa kowace safiya, ko da kuwa ana ruwa. A nan na koyi cewa milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Muka auna rufin ɗakin kwananmu, muka lissafa ruwan da ke zuba daga kansa ya tafi a banza a dare ɗaya, muka liƙa a allo. Yara suka yi ta tsayawa suna gardama a kan lissafin.

Makarantar tana da wata mujalla daban, mai sheƙi da hotuna masu launi, da ake bugawa ƙarshen shekara a raba wa iyaye. A cikinta ba ka ganin komai sai kofuna, sababbin gine-gine da yara masu murmushi. Ban ga laifin makaranta ta nuna alherinta ba, tunda da kuɗin iyaye take rayuwa, kuma iyaye na iya ɗauke ɗansu su kai wani wuri. Amma wannan tsoron ne ke sa wasu masu makarantu su ɗauki kowace matsala abin rufewa, kuma ni a wajena nan ne cutar take. Yaron da ya ga manya suna ɓoye abin da shi da kansa ya gani yana koyon darasin da babu shi a manhaja.

Mun gwada wannan a zango na biyu. Injin da ke tura ruwa zuwa tankin ɗakunan kwana ya lalace, aka koma ɗiban ruwa da bokiti daga famfon da ke can gefen fili. Layi ya yi tsawo, ƙananan yara su ne a ƙarshe, su ne kuma ke makara taron safe a hukunta su. Muka rubuta labarin da tambayoyinsa shida, muka sa abin da mai gyaran ya faɗa mana game da kayan da ake jira. Matsalar ita ce ranar ziyarar iyaye ta kusa. Aka kira Malam ofishin shugaban makaranta, ya tafi da ni da editanmu, muka tsaya daga bakin ƙofa hannuwa a baya.

Shugaban ya ce, "Malam, wannan takarda za ta kai ranar ziyara a kan allo?" Malam ya ce, "Yallaɓai, in akwai kuskure a ciki a nuna mana, yanzu za mu cire. In babu, yaran nan za su gaya wa iyayensu da bakinsu, kuma za su ƙara gishiri. Gara su karanta yadda abin yake da abin da makaranta ke yi a kai." Shugaban ya karanta takardar sau biyu. Bai ce mun kyauta ba, bai kuma ce a cire ba. Ya ɗauki biro ya ƙara layi a ƙasa da hannunsa: an ɗage hukuncin makara ga 'yan aji ɗaya da biyu har a gyara injin, kuma su za su fara ɗiban ruwa. Takardar ta kai ranar ziyara. Na ga iyaye suna karantawa, wasu suka wuce ofis suka yi tambaya, aka ba su amsa. Ban ji an cire yaro ko ɗaya ba. Na girmama mutumin nan tun daga ranar, domin yana da ikon ya yage takardar bai yi ba.

Babban labarin wannan shekara kuwa daga sama ya zo. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 aka yi husufin rana, wanda inuwarsa ta taso daga Brazil, ta ratsa Afirka ta Yamma da Libiya, ta bi ta Turkiyya har Mongoliya. Mako guda kafin ranar muka ba da rabin allo ga malamin kimiyya. Ya bayyana cewa wata ne ke shiga tsakanin rana da duniya, kuma yana iya rufe ta ne saboda ko da yake rana ta fi shi faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa da mu kusan sau 400. Gargaɗinsa muka rubuta da manyan baƙaƙe: kada kowa ya kalli rana kai tsaye, ko da baƙin tabarau ne, don hasken yana ƙona tantanin ido ba tare da mutum ya ji zafi ba. Maimakon haka kowane aji ya tanadi kwali, aka huda ƙaramin rami da allura, ka juya wa rana baya, hotonta ya faɗa kan farar takarda.

Da lokaci ya yi aka dakatar da darussa, makaranta duka ta fito fili, har masu dafa abinci da masu gadi. Haske ya yi ta dusashewa, iska ta yi sanyi, ni kuma aikina shi ne in tsaya gaban farin akwatinmu ina rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna duk bayan minti 5. Wani ɗan aji ɗaya ne ya yi ihu yana nuna ƙasa: a ƙarƙashin bishiya, kowane ɗigon haske da ya ratso ganye ya zama siffar jinjirin wata. Malamin kimiyya ya ce tsagogin ganyen ne ke yin aikin ramin allurar. Washegari sunan yaron nan ne a layin farko na labarinmu, kuma shi ne karon farko da muka cika shafi biyu.

A ƙarshen wannan zango editanmu ya shiga shirin jarrabawar fita, Malam ya ce za a zaɓi wanda zai gaje shi ta hanyar ƙuri'a. Mu uku muka tsaya, ciki har da babban abokina wanda gadonsa ke kusa da nawa. Yadda zaɓen ya kasance, da abin da ya jawo tsakaninmu, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.