Rana ta bututu: wasiƙa daga Manchesta

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Ya sanyi, ya ƙurar hunturu?

Mu ma nan Manchesta muna cikin namu hunturun, sai dai namu ba ƙura, yayyafi ne da duhu. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai takwas ta wuce da kusan minti 20, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu ake sallatarsu. Ko da tsakar rana ba ta hawa sama, tana raɓe can kudu, digiri 13 kacal daga ƙasa, kamar surukin da ke jin nauyin wuce zaure.

Gidan da muke ciki irin na jeri ne, na jan bulo, waɗanda aka gina wa ma'aikata tun lokacin da masaƙun auduga ke riƙe da garin nan. Bangonmu ɗaya da maƙwabcin dama, ɗaya da na hagu, don haka taga sai gaba da baya. Saman matakala da banɗaki kuwa, duhu ne dare da rana. Shekara uku muna kunna ƙwai kafin mu yi alwalar Azahar.

Bara wani dattijo maƙwabcinmu ya kira ni in taya shi ɗaga kabad. Da muka gama, na ga fitila a kunne a silin ɗinsa, na shiga laluben makunni a bango don in kashe masa, kun san mu da tsoron kuɗin wuta. Ya bar ni na gama lalube, sannan ya ce babu makunni, rana ce.

Abin ba wani siddabaru ba ne. Kashi uku ne. A kan rufi akwai wani ƙoƙo na roba mai ƙarfi, garau kamar gilashi, an kife shi kamar ƙwarya. Daga ƙarƙashinsa bututun alminiyam ya sauko ta cikin sararin da ke tsakanin rufi da silin, cikinsa na sheƙi kamar madubi. A bakin silin kuma an rufe shi da wani faifai mai hazo-hazo wanda ke watsa hasken ko'ina a ɗakin, don kada ya sauka wuri ɗaya kamar tocila. Haske ya shiga ƙoƙo, ya yi ta dukan bangon bututu yana sauka, ya fito ƙasa. Ba waya, ba batir, ba abin da ke juyawa balle ya lalace. Mai faɗin santimita 25 ya ishi banɗaki ko lungu, mai 35 kuma kicin ko ƙaramin falo.

Wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Steve Sutton ne ya nemi rajistar wannan fasaha a 1986, kamfanin Solatube ya fara sayar da ita a farkon shekarun 1990. Yanzu kamfanoni da dama na yi.

Na yi kuskure a nawa, gara in faɗa muku. Bututun iri biyu ne: akwai miƙaƙƙe mai sulɓi, akwai mai lanƙwasa mai ƙunji-ƙunji kamar maƙogwaro. Na biyun ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin sakawa, shi na zaɓa. Da aka gama, hasken da ya sauko bai fi na farin wata ba. Uwargida ta ɗaga kai ta duba, ta dube ni, ta ce, "Malam, araha ba ta ado." Dalilin lissafi ne. Duk dukan da haske ya yi wa bangon bututu sai ya bar wani abu a wurin. In bangon yana mayar da kashi 99 cikin 100, bayan duka goma akwai sauran kusan kashi 90. In 95 yake mayarwa, saura 60. In 85 ne, ko kashi 20 ba zai cika ba. Mai ƙunjin nan kuma warwatsa hasken yake yi, wani ma ya koma sama inda ya fito. Wata biyu na haƙura, sannan na sa aka cire aka sa miƙaƙƙe, gajere, ba gwiwa ko ɗaya. Yanzu ko ranar da hadari ya rufe garin, yara na sauka matakala ba su nemi makunni ba.

To, ba don in ba ku labarin banɗakina na ɗauki alƙalami ba. Tun ranar da aka sa abin nan, duk sanda na ɗaga kai sai gida ya faɗo mini a rai. Mutanen nan ragowar rana suke tsinta, kamar mai kalar gero bayan an gama girbi. Mu kuwa a Kano, ko a tsakiyar Disamba ranar tsaka ba ta yin ƙasa da digiri 54, wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta kuma tsaye take cak a kan mutum. Shi bututun nan, gwargwadon tsayuwar rana gwargwadon aikinsa, don hasken yana zubowa kai tsaye ba tare da yawan dukan bango ba. Masana na auna haske da ma'aunin da suke kira laks: ranar tsaka a sarari tana kaiwa 100,000, teburin ofis kuwa 500 ya ishe shi.

Amma ku tuna yadda muke zaune. Na yi zaman shago a wajen yayana a Kantin Kwari. Ƙarfe ɗaya na rana janareta na kuka don ƙwayaye huɗu, duk da haka in hajiya ta zo sayen atamfa sai ta ce a fitar mata da turmin waje ta ga ainihin launinsa. Mu bi ta da turmi har bakin layi. Rana na nan a kan rufi tana gasa kwano, mu muna ƙasa muna ƙona fetur.

A gidaje ma haka. Kakanninmu sun yi ɗaki mai duhu da gangan: katanga mai kauri, 'yar taga can sama kusa da azara, don ɗakin na kwana ne da ajiya, ana so ya yi sanyi. Girki, saƙa, kitso, karatun allo, duk a tsakar gida ake yi ko a zaure. Mu muka zo muka yanka fili ɗaya gida uku, muka cinye tsakar gidan da gini, muka mayar da komai ciki. Tagar da aka bari tana kallon katangar maƙwabci taku ɗaya, ko tana kallon titi, an sa mata ƙarfe, an sa raga, an saki labule mai kauri saboda sutura. Nan ne nake ganin bututun ya dace da mu fiye da Bature: yana kawo haske, ba ya kawo idon mai wucewa, faɗinsa kuma bai isa ɓarawo ya zuro ba.

Na san abin da za ku ce: zafi. Da gaskiyarku, duk hasken rana yana tafe da ɗuminsa. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin kwanon robar nan mai haske da ake sakawa a rumfunan kasuwa ya san yadda ƙeya ke yi a watan Afrilu. Bambancin shi ne girman ƙofa. Ramin santimita 25 bai kai kashi ɗaya cikin goma na fallen kwano ba, kuma faifan ƙasa ya raba ɗakin da iskar nan mai zafi da ke taruwa a cikin silin. Kada dai a yi haɗama a sa babba a ƙaramin ɗaki. Ɗakin kwana ma ni ba zan sa ba, sai in da murfin da ake rufewa, in ba haka ba an yi sallama da barcin rana.

Abin da ya fi damuna yoyo ne. Rami ne fa ake hudawa a rufi. In kafinta bai zaunar da wuyan da ke kewaye da ƙoƙon ya bi kwarin kwano ba, ya cusa gefensa na sama ƙarƙashin fallen, ruwan Agusta zai nuna masa aikinsa a kan katifa. Gam kaɗai ba ya riƙewa, ranarmu tana busar da shi ya tsage. Ƙura kuma za ta dishe ƙoƙon daga Disamba zuwa Fabrairu, sai an hau an goge. Mai rufin kankare, ko mai zama a ƙasan bene, nasa aikin ya fi wuya. Da dare kuwa, ba sai na faɗa ba.

Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, akwai ta talaka. A 2002, lokacin da ake fama da ɗauke wuta a Burazil, wani makanike a garin Uberaba mai suna Alfredo Moser ya cika gorar roba da ruwa, ya zuba bilic, ruwan nan na wanke fararen kaya, cikin murfi biyu don kada ruwan ya yi gansakuka, ya huda rufi ya soke ta, rabi a waje rabi a ciki, ya liƙe gefen. Ruwan yana karya hasken ya baza shi, ana kwatanta shi da ƙwai mai wat 40 zuwa 60. A 2011 Illac Diaz ya ɗauki dabarar ya yaɗa ta a unguwannin marasa ƙarfi na Manila a ƙasar Filifin. Sai dai tana aiki ne a ɗakin da ba silin: shagon kwano, sito, banɗakin tsakar gida, ɗakin kaji.

Kicin ɗin Inna a Gwammaja yana da silin, don haka gora ba za ta yi ba. Na riga na sa ƙanena ya hau ya auno mini tazarar da ke tsakanin kwano da silin, ya ce kamu huɗu ne da ɗan ɗori. In Allah ya kai mu Babbar Sallah zan taho da ƙoƙon da faifan a jaka, bututun kuma mu gwada maƙeran alminiyam na gida, mu ga iya sheƙin da za su fitar. Ita dai Inna ta ce a huda, amma in ya yi mata yoyo a kan buhun masara, ni zan biya.

A gaida kowa da kowa.

Ɗan uwanku,
daga Manchesta, Ingila