Tarihin Rayuwata, Kashi Na Sha Ɗaya: Gyaran Golf A Ƙofar Gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin na tsaya a inda gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, na sayar da mashin ɗina Yaya ya cika min muka sayi wata tsohuwar Golf 3 nake ɗaukar fasinja daga Kurna zuwa Bata. Toh yau zan ba ku labarin yadda motar nan ta kusa zaunar da ni a gida, da yadda Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya koya min abin da har yau nake cin moriyarsa.

Tun da na saye ta an ce min bel ɗin taimin, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin motsin fiston da bawul, ya tsufa, duk ya tsattsage, kuma kowa ya san akwai injinan da in bel ya tsinke kana tafiya fiston zai daki bawul, shikenan sai a sauke kan inji. Na kai ta wani gareji aka sa sabo na biya. Daga fitowa na ji ba motata ba ce. Da safe sai na yi ta kik kafin ta tashi, in ta tashi silo, wato aikin inji ba a taka totur ba, ba ya zama tana ta karkarwa, in na taka totur sai ta yi nauyi wani lokacin har salansa ta yi harbi, fasinja su firgita. Ga shan mai, lokacin lita naira 97 amma abin da na saba yini da shi kafin la'asar ya ƙare. Na koma garejin suka ce filogi ne, na saya, suka ce mai ne mara kyau, daga ƙarshe suka fara maganar a sauke inji, ni kuwa kuɗin cefane ma da ƙyar nake haɗawa.

Umma ce ta ce in je in gaida Kawu in faɗa masa. Shi tsohon bakanike ne, zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna ya yi aikinsa, ciwon baya ya sa ya bari. Ranar Asabar ya zo gidanmu da wata tsohuwar jakar sifanu, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya ce shi ba zai taɓa komai ba, hannuna zai yi aikin shi bakinsa.

Ya ce, "Ɗan nan, inji ba a yi masa canki-canka. Wanda ya ƙera shi ya bar maka alama, ka nemi alamar."

Na cire murfin roba na bel ɗin, na zare filogai don injin ya juyu da sauƙi, na sa sifana a kan fulin ƙasa ina juyawa a hankali ta ɓangaren da injin ke juyawa. A saman giyabos akwai wani rami da aka toshe da roba, in ka cire za ka hango fulawil, wato babban faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan inji, yana wucewa, Kawu ya ce in haska da tocila in tsaya daidai inda alamar sifili ta zo kan tsinin da ke bakin ramin, nan ne fiston na ɗaya ya kai ƙololuwa. Na tsaya. Sai ya ce in duba gariyar sama, ta kamshaf, ita ma tana da tata alamar da ya kamata ta yi ido biyu da wata a jikin murfi. Wallahi da idona na gani, ta goce da haƙori ɗaya cif. Haƙori ɗaya tak, shi ne ya hana ni barci duk kwanakin nan.

Ya yi min bayani yadda zan gane. Gariyar ƙasa tana juyawa sau biyu ta sama ta juya sau ɗaya, kuma buɗewar bawul da rufewarsa da zuwan wuta kan filogi duk sai sun zo a lokacinsu, kamar dai sahun sallah, in mutum ɗaya ya riga liman ko ya makara ka ga sahu ya hargitse. A irin wannan injin kuma akwai gariya ta uku a tsakiya wadda ke juya distiributa mai raba wuta ga filogai, yawancin masu gaggawa ita suke mantawa, tana iya juyawa lokacin da ake zura bel ba a lura ba. Na buɗe hular distiributa, kan rota ya kamata ya kalli wata 'yar tsaga a bakin gidansa, shi ma ya ɗan kauce.

Na sassauta tanshina mai ɗame bel, na zare bel ɗin, na daidaita alamomin uku na mayar. Wajen ɗaurewa ya ce in kama bel ɗin da yatsa biyu a tsakanin gariyar sama da ta tsakiya in murɗa, in ya tsaya a gefensa da ƙyar to ya yi, in ya wuce ya yi sako-sako, in ya ƙi kaiwa ya yi tsauri zai yi kuka ya ci beyarin. Ni ina ta ɗokin in tayar, ya hana, sai da na juya injin da hannu zagaye biyu na sake duba alamomin duk suna nan. Sannan na mayar da wayoyin filogi bisa jerinsu, 1, 3, 4, 2. Kik ɗaya ta tashi, silo ya zauna lumui, maman yara ta leƙo daga soro tana hamdala.

Farin cikin bai daɗe ba sai ga wata matsalar. Batir ya fara mutuwa, da daddare fitilu su yi ja-ja, wata rana a Rijiyar Lemo sai da yaran unguwa suka tura ni. Wani rewaya ya cire kan batir inji na aiki, motar ta mutu, ya ce altaneta ta ƙone in je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa in sayo Beljiyam. Da na faɗa wa Kawu ransa ya ɓaci sosai, ya ce kar in ƙara bari wani ya yi wa motata haka, wannan gwajin na zamanin da ne, mota mai birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, wutar tana iya yin tsalle ta ƙona shi. Ni ma abin na damuna har yanzu, don kullum sai ka ga ana yi a gefen titi, mai mota na tsaye bai san hatsarin da ake jefa shi ba.

Ya aike ni na aro mitar auna wuta wajen maƙocinmu mai gyaran rediyo. Batir mai lafiya in inji a kashe yana nuna wajen 12.6, in inji na aiki kuma altaneta na caji ya kamata ya hau tsakanin 13.8 zuwa 14.4. Tawa da na tayar ma ƙasa ta yi. Toh ba ta caji, wannan ya tabbata, amma Kawu ya ce rashin caji daban ƙonewa daban. Ya sa na danna fanbel, ba sako-sako. Ya sa na goge kan batir da wayar at. Sai ya tambaye ni, "In ka murɗa makulli kafin ka yi kik, jar fitilar batir tana kamawa?" Na murɗa, ba ta kama ba.

Ashe fitilar nan ba ado ba ce, ta cikinta 'yar wuta ke bi ta shiga altaneta ta tayar da cajin. A bayan altanetar akwai siririyar waya shuɗiya, ya ce in zare ta in taɓa ta a jikin inji makulli a buɗe. Ina taɓawa fitilar ta kama jawur. Ya ce, "To ƙwan lafiya, waya lafiya, ciwon yana ciki." Na cire kan batir tukuna, sannan na kwance sukurori biyu da ke riƙe da kat-awut, wato abin da ke daidaita ƙarfin caji, a bayanta, na zaro shi da kabon ɗinsa biyu. Ɗaya ya cinye ya koma ɗan guntu bai ma kai milimita biyar ɗin da ake cewa a canza ba, sifirin ɗinsa ba ya iya tura shi ya taɓa zoben tagulla.

Na shiga adaidaita zuwa Ƙofar Ruwa da tsohon a aljihu, na yi ta nuna wa masu shago har na samu irinsa sak, kuɗinsa bai kai ko kusa da na altaneta ɗungurugum ba. Na dawo na goge zoben da ƙyalle mai tsabta na ɗaura. Makulli, fitila ta kama, kik, fitila ta mutu, mita ta hau 14.1. Kawu ya naɗe tabarmarsa, na bi shi da kuɗin mota ya ƙi karɓa, ya ce in tara in sayi mita tawa ta kaina, kuma ya bar min sifana mai lamba 13 da 17 daga jakarsa.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin yadda direbobin layinmu suka fara kawo min motocinsu ƙofar gida, da rigimar da hakan ta jawo min da mai gidan da muke haya.