Powell da Price: "ɗan wane" ne ya maƙale a gaban suna

A Damagaram idan aka ce Tanimun ɗan Sulaiman, an ambaci mutum an ambaci ubansa. Haka mutanen Wales, yankin da ke yamma da Ingila, suka yi ta kiran junansu tsawon ɗaruruwan shekaru. Kalmar "ɗa" a harshensu ita ce mab, baki ya tauna ta har ta koma ap a gaban baƙi, ab a gaban wasali. Dafydd ap Hywel, Dauda ɗan Hywel ke nan. Mace kuwa ferch ake sa mata, wato ƴar wane.

Dokokin 1535 da 1542 na zamanin Sarki Henry na Takwas ne suka haɗe Wales da Ingila, Turanci ya zama harshen kotu. Akawun da bai jin yaren sai ya rubuta abin da kunnensa ya kama. Ap Hywel ya zama Powell, ap Rhys ya zama Price, ap Richard ya zama Pritchard, ab Owen ya zama Bowen. Kamar akawu ya ji "ɗan Ali" ya rubuta "Nali", jikoki su gaje shi har abada. Wasu sun yar da ap, aka liƙa s a ƙarshen sunan uba: Jones daga John, Evans daga Evan.

Waɗanda suka fi burge ni su ne na laƙabi, don jininsu ɗaya da namu. Lloyd daga llwyd yake, mai furfura. Vaughan daga fychan, wato Ƙarami. Gough daga coch, ja, Jatau ɗinsu ke nan.

Inda mai bin salsala ke ɓata hanya shi ne zaton suna ɗaya ke bin gida tun fil azal. A ƙauyukan arewacin Wales tsohon tsarin ya kai ƙarni na 19, sai ka tarar ɗan Evan Jones sunansa John Evans. Mu nan ba baƙon abu ba ne, a takardar haihuwa sunan uba ke biyo na yaro, kowace zuri'a ta canja. Don haka mai bin salsalar gidan Wales ya fara da rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa, wadda ta soma a can a 1837. In an wuce ta zuwa littattafan coci, a nemi uba da sunansa na yanka da ƙauyensu, kada a dogara da sunan dangi. A kuma gwada kowane rubutu: Price, Pryce, Preece da Rees duk Rhys ne, kamar Mahamadu da Mamman.

Masu sayar da "tambarin gidan Powell" a intanet kuwa, a yi hattara da su. Hywel suna ne gama-gari, Powell biyu na iya zama ba su haɗa ko kaka ba, kuma a Ingila da Wales mutum ɗaya ake ba irin wannan tambari, magadansa su gaje shi.