Kafin ku sa gajeren bel don tsallake kwamfiresar sanyi

Ƙannena masu koyon kanikanci a Damagaram, da ku da kuka fara riƙe mota, akwai aikin da ke yawaita da zarar bazara ta kama. Kwamfiresar na'urar sanyi ta cije, bel na ihu, ƙaurin roba na tashi, mai mota kuwa ba shi da kuɗin sabuwa. Sai a ce a sa gajeren bel a tsallake ta. Dabarar ba ta da laifi, amma na taɓa ƙona gaskit ɗin kan inji a dalilinta, ba na so ku bi sawuna.

Ku fara gane abin da ya mutu. Fulin kwamfiresa, wato faifan da bel ke hawa ya juya, yana da kulos na maganaɗisu da ke haɗa shi da cikin kwamfiresar in an kunna sanyi. In ba a kunna sanyi ba, fulin kaɗai ke juyawa a kan boris, cikin kwamfiresar yana hutawa. Saboda haka ku sauke bel ku juya fulin da hannu. In ya tafi sumul ba gurnani, cikin ne ya lalace, kuma ba a bukatar wani bel: a cire wayar kulos, a mayar da bel na asali. In ya ƙage ko yana rawa, boris ne, kuma sau da yawa ana iya canza shi kaɗai. Tsofaffin motoci da yawa ma kwamfiresarsu na da nata bel daban, cire shi kawai ake yi.

Wahalar tana ga inji mai bel ɗaya mai tsaga-tsaga, wanda ke jan dinamo mai cajin batir da famfon sitiyari, a injina da dama har da famfon ruwa. A bayan irin wannan bel akwai lamba, misali 6PK1230. Shida ɗin yawan tsaga ne, 1230 kuwa tsawonsa ne a milimita. Ni ban kula da lambar ba. Na gwada da ido, na ɗauki wanda ya yi kama, na ɗora. Ashe ya ɗan yi tsawo, abin ɗaure bel ya kai ƙarshen tafiyarsa ba tare da ya matse shi sosai ba. A cikin gari komai lafiya. Sai da na hau hanyar Tanut a watan Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bel ya riƙa zamewa a kan fulin famfon ruwa. Kafin in ankara da allurar zafi, ruwan lagireto ya tafasa, gaskit ya tafi. Kuɗin buɗe kan inji ya ninka na boris ɗin da na guje wa nesa ba kusa ba, ga wuni a daji inda samun ruwa ma aiki ne.

Yadda ya kamata a yi shi ne a zagaya igiya marar talewa ta sabuwar hanyar, wani ya riƙe abin ɗaure bel a tsakiyar tafiyarsa, a auna da tef. Yawan tsaga kada ya canza. Abin da ya fi wannan, ku tambayi masu kayan gyara, a nan ko a Kano, bel ɗin irin injin nan da aka ƙera ba na'urar sanyi, domin kamfani ya riga ya yi lissafinsa.

Tsawo kaɗai bai isa ba, kuma nan ne nake roƙonku ku natsu. A wasu injina bayan bel mai santsi ne ke juya famfon ruwa, wato yana juyawa saɓanin sauran. In kuka sauya hanya har tsagar bel ta hau shi, zai koma juyawa baibai, ruwa ba zai zagaya yadda ya dace ba, alhali ido na ganin komai na motsi. Ku zana hanyar asali a takarda kafin ku taɓa komai. Ku duba ko bel ya rungumi fulin dinamo sosai, kuma ba ya gugar mataccen fulin ko wani ƙarfe. In hanya ta ƙi, kada ku tilasta. Akwai fulin wofi da ake ɗaurawa a gurbin kwamfiresa a ci gaba da bel na asali.

In an cire kwamfiresar, a toshe bakin bututunta. Ƙurar hunturu da danshi na shiga su ɓata sauran kayan, ranar da mai mota ya samu halin gyara ya tarar da sabuwar asara.

Bayan an gama, a tada inji, a kunna fitilu, a murɗa sitiyari har ƙarshe a saurara. Batir ya nuna kusan volt 14 yayin da inji ke aiki. Sannan a yi tafiyar gwaji, ko zuwa Mirriya da dawowa, ido na kan allurar zafi. Ku rubuta wa mai mota lambar sabon bel ɗin ya ajiye, ku kuma gaya masa cewa da damina gilashi zai riƙa yin hazo daga ciki, tunda na'urar sanyi ce ke busar da iskar.